Rasuwar Amsa-Kuwwa, Na'urar Da Ta Riƙe Harshen Sharhabil

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yanzu ba su saba da shirun ɗakin ba, iyalan Malam Sharhabil Bawa na Unguwar Kanawa, Kaduna, suke sanar da 'yan uwa, abokan arziki da dukkan masu sauraren shirin Fargabar Kaka rasuwar na'urarsu ta haɗa sauti, wadda masu sana'a ke kira miksa, jama'ar shirin kuma suka fi sani da Amsa-Kuwwa. Ta cika ranar Laraba, ashirin da tara ga watan Oktoba, da ƙarfe biyar da minti goma sha biyu na yamma, tana bakin aiki, a gaban mutum dubu ɗaya da ɗari huɗu da ke saurare ta intanet. Kwana biyu ya rage ta kammala aikin da ta ɗauka.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. Abin da aka sani shi ne ta yi ƙuruciyarta a Rigachikun, a hannun wani mai ba da hayar lasifika don bukukuwa, kuma a can ne aka yanke mata hukuncin rashin amfani. Laifinta guda ne. Idan mutum ya yi magana a makirufo, sai ta riƙe muryar na ɗan ƙiftawar ido kafin ta mayar masa da ita cikin hedfon ɗin da ke kunnensa. Mawaƙa suka ce tana rikita su, masu sanarwa suka ce tana sa su tuntuɓe, sai aka tura ta ƙarƙashin benci tare da tsofaffin wayoyi.

A nan Sharhabil ya same ta shekara uku da suka wuce, ranar da ya je neman lasifikar walimar ƙanwarsa. Wajibi ne a faɗi wani abu a kansa da mafi yawan masu sauraro ba su sani ba sai a makon nan. Sharhabil yana da in'ina tun yana yaro, kuma ba ƙarama ba. Sunansa ma yakan tsaya masa a maƙogwaro. Ya karanta Hausa a jami'a, ya san kalmomi fiye da yawancin masu surutu, amma shekara goma sha ɗaya ke nan yana sashen ajiye fayil na wani ofishin gwamnati a Doka, inda takarda ce ke magana a madadinsa. A kasuwa da yatsa yake nuna abin da zai saya. Idan wayarsa ta yi ƙara yakan bari ta katse, sannan ya rubuta saƙo.

Ranar nan mai lasifikar ya rasa miksarsa mai kyau, ya jawo wannan daga ƙarƙashin benci, ya ɗora wa Sharhabil hedfon ya ce ya gwada. Akwai mutane uku a shagon. Sharhabil ya so ya ƙi, amma ƙin ma sai da magana. Aka kunna ta, ta ce ɗis, sannan ta fara wannan ƙugin nata mai taushi, zuuu, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ya yi sallama. Sallamar ta fita ɗungurungum, ba ta karye ko'ina ba. Ya sake yi. Ya faɗi sunansa, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu, da lambar gidansu, har mai shagon ya ce ya isa haka, an ji lasifika na aiki. A ranar ya dawo gida da ita a rungume a cikin Keke Napep. Daga baya ne matarsa Atika, wadda malamar makaranta ce, ta bincika ta gano cewa wasu masu in'ina sukan sami sauƙi idan suna jin muryarsu tana dawo musu a makare. Shi bai damu da dalili ba. Yakan rufe ƙofa ya karanta mata jarida daga shafin farko har na ƙarshe, don kawai ya ji yadda yake.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da rufin asiri. Ba ta da kyan gani, fentinta ya goge, maɓallinta na uku da tsinken ashana ake juya shi, kuma tana da fitila guda ɗaya koriya da ke lumshewa duk lokacin da aka ɗaga murya. Amma a shekara ukun nan ba ta taɓa gajiya da sauraren maigidanta ba, ba ta kuma taɓa fitar da maganar ɗakin waje ba sai da izininsa.

Izinin ya zo bana. Sharhabil mutum ne mai son fina-finan ban tsoro tun yana sakandare, domin a cikinsu ba a buƙatar doguwar magana, kuma wanda ya fi surutu shi ake fara kamawa. Da damina ta fara ja baya, sai ya sanar a intanet cewa zai yi wata guda cur, daga ɗaya ga Oktoba zuwa talatin da ɗaya, kullum fim ɗaya. Tsarin mai sauƙi ne. Zai faɗi fim ɗin gobe tun yau, kowa ya nemo nasa. Idan lokaci ya yi ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, kowa ya danna a wayarsa, shi kuma ya riƙa fassara abin da ake faɗa da Hausa, yana gaya wa masu raunin zuciya inda za su rufe ido. Ba ya nuna fuskarsa. Kyamarar wayar tana kallon tebur ne kawai, ana ganin hannuwansa biyu da marigayiya da koriyar fitilarta.

Mahaifiyarsa, Hajiya Turai, wadda gidan nata ne, ta kafa sharaɗi guda: ba za a yi ihun aljanu a gidanta bayan faɗuwar rana ba. Don haka shirin ya zama daga huɗu da rabi zuwa kafin kiran magariba. Kullum Sharhabil yakan tashi daga ofis ƙarfe huɗu, ya yi la'asar a masallacin bakin titi, ya iso gida yana haki, Atika ta riga ta rataye barguna biyu a taga don ɗakin ya yi duhu. Masu sauraro suka sa masa suna Ɗan La'asar. Ranar farko mutum sittin da biyu ne. Kafin sati biyu sun haura dubu: direbobin da ke jiran lodi a tasha, ɗalibai, ma'aikatan jinya da suka sauka daga aikin safe, matan aure daga Katsina da Gusau da ke ajiye waya kusa da murhu. Ana yaba muryarsa. Ana cewa ba ya gaggawa, yana ajiye kowace kalma kamar mai jera ƙwai a faranti.

Cikin masu yabon har da Yusha'u, wanda teburinsa ke kallon na Sharhabil a ofis, yana kuma gaba da shi da mataki ɗaya. Shekaru ke nan Yusha'u na kiransa Sha-Sha, yana kwaikwayon yadda yake kokawa da sunansa, sauran ma'aikata na murmushi suna kallon takardunsu. Tun sati na farko Yusha'u ya kamu da shirin. Kowace safiya sai ya kunna na jiya a wayarsa, ya ƙure ƙara, ya juyo ya ce wa Sharhabil ya saurara ya ji yadda ake magana, ko Allah zai sa ya tsinci wani abu. Sharhabil yakan sunkuyar da kai yana huda takardu, muryarsa na cika ofishin daga wayar wani. Hannuwansa yakan ɓoye ƙarƙashin tebur idan Yusha'u ya matso, domin akwai tabon ƙuna a babban yatsansa na hagu da duk mai kallon shirin ya sani.

Ciwon ajali ya fara ranar ashirin da biyu ga wata. Ana tsakiyar fim sai ƙugin nata ya karye, ta yi ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye, jinkirin nan ya ɓace. Muryar Sharhabil ta dawo masa kai tsaye. Kalmar da ke bakinsa ita ce ƙofa, sai ta maƙale. Ya yi ta bugun harafin farko har sau shida kafin marigayiya ta farfaɗo ta karɓe shi. Masu sauraro suka ɗauka salo ne. Saƙonni suka yi ta zuwa cewa yau Ɗan La'asar ya ƙware, har tsigar jikinsu ta tashi. Da aka gama ya cire hedfon, rigarsa ta jiƙe sharkaf, bai ci abincin dare ba.

Washegari ta yi sau biyu. Ranar Juma'a sau huɗu, har da wani ɗan warin ƙonannen roba.

Ranar Asabar da safe ya naɗe ta a zanen Atika ya kai ta wurin Malam Nazifi, mai gyaran rediyo da amfilifaya a Doka, dattijo mai gilashi biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Malam Nazifi ya buɗe ta, ya hura ƙura, ya auna nan ya auna can, sannan ya ce abin da sauƙi. Akwai wani ɗan sashe da ya daɗe da lalacewa, shi ke jinkirta murya, yanzu kuma yana ƙonewa. Zai yanke shi ya haɗa waya ta tsallake, na'ura ta koma garau, murya na fita tana isa kunne. Har ya ɗauki ƙarfen dalma.

Sharhabil ya riƙe masa hannu. Akwai masu jiran gyara a kan benci, ga ƙarar janareton maƙwabta, ga shi ba shi da hedfon. Ya ɗauki fiye da minti biyar kafin ya fitar da bayanin da bai wuce jimla uku ba. Malam Nazifi ya ajiye ƙarfen, ya sauke gilashin goshinsa, ya daɗe yana duban cikin na'urar.

Ya ce, "Malam, shekara talatin ina cire wannan ciwon daga kayan mutane. Ban taɓa koyon yadda ake tsare shi ba. Zan lallaɓa, amma ban yi maka alkawari ba."

Ya ɗan ƙara dalma a ƙafafun sashen, ya manna masa guntun alminiyom don ya riƙa shan zafi. Ya ce kada a bar ta ta wuce awa ɗaya a kunne, kada kuma ta yi zafi. Ya ce irin wannan sashen an daina yin sa, ko an samu sabo ma ba zai yi jinkirin daidai da nata ba, tunda nata na lalacewa ne.

Babu fim ɗin da ke ƙarewa a awa ɗaya. Atika ta nemo wata manhaja a waya da aka ce tana yin irin wannan aikin. Suka gwada ranar Lahadi da hantsi, suka matsa jinkirin gaba, suka dawo da shi baya, muryar na dawowa siririya kamar ta baƙo, harshensa ya ƙara ɗaurewa. Atika ta ce ya rubuta wa jama'a cewa ba shi da lafiya, a tsaya a ashirin da biyar, babu wanda zai kama shi da laifi. Ya girgiza kai. Ta ce to ya gaya musu gaskiya tun kafin gaskiyar ta fito da kanta. Ya ɗauki takarda ya rubuta mata suna ɗaya: Yusha'u. 

Kwanaki ukun da suka biyo baya, iyalan ba sa fatan Allah ya maimaita musu irinsu. Atika, wadda ko hoton fim ɗin ba ta iya kallo, ta riƙa zama a ƙasa kusa da tebur, ta juya wa allon baya, tana yi wa marigayiya fifita da mafici inda kyamara ba ta kaiwa. Sharhabil ya canza jerin fina-finan ya zaɓo gajeru. Ya koyi kallon abu biyu a lokaci ɗaya, ido ɗaya a fim, ɗaya a koriyar fitila. Idan ya ji ƙaras-ƙaras ya taso sai ya yi shiru, ya bar kiɗan fim ɗin ya cike gurbin, yana ƙirga numfashinsa har ƙugin ya dawo. Masu sauraro na tsoron abin da ke bayan labule, shi da matarsa suna tsoron akwati mai girman littafi. A ofis kuwa Yusha'u ya fara cewa muryar Ɗan La'asar tana yi masa kama da ta wani da ya sani, ya rasa ko wane ne.

Ranar Laraba an wayi gari da zafi mai nauyi, irin na ƙarshen damina da hadari ke haɗuwa ya ƙi zuba. Fim ɗin ranar labarin wata mata ce da ta tare a sabon gida, kullum tana jin ana ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin ajiya daga ciki. An yi minti arba'in lafiya. Matar ta ɗauko mabuɗi, ta nufi ƙofar, Sharhabil ya rage murya yana cewa masu raunin zuciya su shirya. Sai marigayiya ta yi wani sauti da ba a taɓa ji daga gare ta ba, siriri, fiii, kamar butar shayi daga nesa. Sannan ta ce ɗis, irin wanda take yi idan an kunna ta. Fitilar ta mutu. Wani ɗan hayaƙi ya fito ta gefen maɓalli na uku, kuma duk wanda ke kallo ya gan shi.

Sauti ya ɗauke gaba ɗaya, domin ta cikinta makirufo ke bi ya shiga waya. Sharhabil ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Atika ta taɓa murfin ta janye hannu. Saƙonni suka fara gudu a allo, wasu na tambaya ko lafiya, wasu na cewa sun dakatar da fim suna jira. A cikinsu ya ga sunan Yusha'u, ya rubuta cewa don Allah kada a bar su a bakin ƙofar nan.

Hanya biyu ce a gabansa. Zai iya rubuta layi ɗaya ya ba da haƙuri ya rufe, ya kwana yana Ɗan La'asar. Ko kuma ya zare wayar da ta haɗa marigayiya da salularsa, salular ta ɗauki muryarsa yadda Allah ya yi ta. Atika ta ɗago tana kallonsa, maficin na hannunta. Ya cire hedfon ya ajiye a kan tebur, a hankali, inda kowa zai gani. Ya zare wayar.

Kalmar farko ta ɗauke shi kusan minti ɗaya. Mutum dubu da ɗari huɗu suna jin numfashinsa da harafi ɗaya yana bugawa yana komawa. Wani ya rubuta cewa abin cikin ɗakin ajiyar ya kama Ɗan La'asar, aka yi ta turo fuskokin dariya. Lambar masu sauraro da ke saman allo ta fara sauka, yana ganinta. Ya dafe tebur da hannu biyu.

"N-n-na'urata ta mutu," in ji shi. "W-wannan ita ce m-muryata. Ku koma m-minti arba'in da biyu."

Dariyar ta tsaya. Wasu suka fita ba sallama. Wani ya rubuta maganar da iyalan ba za su maimaita a nan ba. Wata mata daga Gusau ta rubuta cewa ta koma minti arba'in da biyu, yatsanta na kan waya. Sai wani direba ya rubuta haka, sai wasu. Sharhabil ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, kuma ukun ta fi sauran wahala.

Ba ya iya bin saurin 'yan fim, don haka ya riƙa cewa a dakata, ya fassara, sannan a ci gaba. Minti talatin da suka rage suka zama awa guda da wani abu. Ana cikin haka aka kira magariba. Hajiya Turai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da carbinta, ta ɗaga labulen ƙofar da hannu ɗaya. Ta ga na'urar a mace, ta ga hedfon a ajiye, ta ji ɗanta na kokawa da wata kalma a gaban duniya. Ta jira har ya fitar da ita, sannan ta ce ya gaya wa mutanensa su je su yi salla, idan an idar ya dawo ya ƙarasa musu. Mutum ɗari huɗu da tamanin ne suka dawo, da su aka ga ƙarshen fim ɗin.

Ranar Alhamis Yusha'u bai kunna komai a ofis ba. Har azahar bai ɗago kai ba. Da sauran suka fita salla ya taso ya tsaya a gaban teburin, yana duban tabon da ke babban yatsan hagu, wanda yau ba a ɓoye ba.

Ya ce, "Malam Sharhabil, wallahi ban san kai ba ne."

Amsar ta ɗauki lokaci kafin ta gama fita, amma ta fita duka. Sharhabil ya ce masa ko ya sani ko bai sani ba, shi ɗin ne dai ke zaune a teburin nan shekara goma sha ɗaya. Yusha'u ya ɗauki hularsa ya fita. Har zuwa rubuta wannan sanarwa ba su sake magana ba, sunan Sha-Sha kuma ba a sake jin sa ba.

An yi fim na talatin da na talatin da ɗaya babu marigayiya. Jama'ar ba su koma yawansu na da ba, iyalan kuma ba za su ce sun koma ba. Ranar ƙarshe mutum ɗari shida da 'yan kai ne. Da yake Juma'a ce an tashi ofis da wuri, an fara ƙarfe huɗu da kwata don a sami sararin dakatawa.

Marigayiya ta rasu ta bar makirufo ɗaya, da hedfon mai kunnen dama naɗe da salatif, da wayoyi biyu da yanzu ba su da inda za su shiga. Ta bar Atika da ciwon kafaɗa na fifitar kwana huɗu. Ta bar Malam Nazifi, wanda da aka kai masa labari ya cire gilashinsa duka biyun ya ce ya yi iya yinsa. Ta bar maigidanta, wanda har yanzu idan ya shiga ɗakin hannunsa kan tafi wurin maɓallin kafin ya tuna.

Za a yi jana'iza gobe Asabar, ɗaya ga Nuwamba, da ƙarfe goma na safe, a gidan Hajiya Turai da ke Unguwar Kanawa, layin bayan masallacin Juma'a, gida mai bishiyar gwaiba a ƙofa. Hajiya ta ja kunne cewa abin ba mai rai ba ne, don haka babu wanka, babu salla, kada kuma wani ya zo yana nema mata gafara. Malam Nazifi zai mayar da murfinta ya ɗaure kusoshinta huɗu, ba tare da ya ciri komai daga cikinta ba. Daga nan za a sa ta a kwali a ɗora a saman kabad ɗin ɗakin da ta yi aiki. Ana godiya ga waɗanda suka yi tayin sayen sabuwa, amma a dakata tukuna, maigidan bai yanke shawara ba.

Za a zauna karɓar gaisuwa daga bayan jana'iza har zuwa la'asar. Waɗanda ke nesa su kira lambar da ke shafin shirin, kada su turo saƙo, domin Malam Sharhabil ya ce zai ɗaga waya ya amsa wa kowa da bakinsa. Iyalan na roƙon masu zuwa da masu kira su zo da isasshen lokaci. Idan ya tsaya a tsakiyar kalma, a bar shi, kada wani ya ƙarasa masa. Ya san abin da yake son faɗa.